Ƙasar da Baba Mai Tukwane Ke Haɗawa

Shekarun baya, lokacin ina karatun digiri na biyu a fannin kasuwanci a nan Kumasi, na taɓa yin wata biyar ina ɗan koyon ƙirar tukunya ban san ni ɗan koyo ba ne. Kowa a rumfar ya sani, ni mai yawo da fayil ne kaɗai ban sani ba. A kan wannan rashin sanin na kusa raba wani dattijo da abin da yake ci da iyalinsa. Maganar ta daɗe da wucewa, shi ma dattijon Allah ya yi masa rasuwa, shi ya sa na ga yau zan iya ba ku labarin.

Abin da na zaɓa in yi bincike a kai shi ne yadda masu ƙananan sana'o'i ke ƙirƙiro sababbin dabaru, da kuma ko dabarun na sa sana'a ta ɗore ba tare da ɓarnar kaya ba. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai. Na tsara tambayoyi arba'in, kowace da akwati biyar a gabanta, tun daga "na yarda sosai" har zuwa "ban yarda ba sam". Na sa riga mai dogon hannu na nufi Suame, inda makanikai da masu walda da masu sayar da kayan mota suka cinye unguwa guda, ina ce wa kaina nan da mako uku na gama.

Wata biyu na yi ina shan rana. Wani mai walda ya karɓi takardar ya jujjuya, ya ce mini, "Bara ma wani ya zo da irin wannan. Ina ya kai ta?" Wani ya tambaye ni ko in an cika za a raba injuna, da na ce a'a sai ya koma ƙarƙashin motar da yake gyara. Waɗanda suka ji tausayina suka cika kuwa, akwatin tsakiya suka bi tun daga sama har ƙasa don in tafi in ba su wuri. Na tara takardu jibgi guda, amma in ka matse su gaba ɗaya ba za ka sami magana ɗaya mai amfani ba.

Wani abokina, wanda muka taso tare a unguwar Moshi Zango, bakanike ne a can. Wata rana ya gan ni zaune a bencin garejinsu ina fifita da fayil, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Cale, abokina, kai ma ka cika son wahala," in ji shi. "Kana neman mai dabara, kana bin mutane da jarrabawa. Tafi wurin Baba mai tukwane mana."

Bayan layin masu tsofaffin ƙarafa akwai rumfunan masu zuba tukwanen dalma, irin manyan nan da ake dafa abincin biki da na sayarwa. Fistan da kan inji da rim ɗin motar da suka mutu suke saye, su narka a kan gawayi. Sai su cika akwatin katako da ƙasa mai laima, su danna tukunyar samfuri a ciki ta bar siffarta, su cire ta, su zuba narkakken ƙarfen a gurbin. In ya huce a fasa ƙasar a fito da sabuwar tukunya. Kowa haka yake yi. Sai dai tukwanen sauran kan fito da kauri, ga ƙananan ramuka da sai an bi an toshe, ƙasar kuma in ta sha wuta sau biyu ko uku sai a zubar a sayo wata. Ta Baba fitowa take sumul, ba kauri, ba ta tsagewa, ba ta cin gawayi wajen girki, kuma shi ba ya zubar da ƙasa. Mata masu sayar da abinci kan wuce rumfa tara su zo tasa ta ƙarshen layi, su yarda su jira mako guda.

Ina jin haka na ce shi ke nan, na sami abin da nake nema. Abokina ya ce in rage murna, don masu bincike biyu ya sani da suka je wa Baba, ko wurin zama bai ba su ba.

Da na koma gida na ba mahaifiyata labari, sai ta ce ai ta san shi, sun taɓa zama gidan haya ɗaya da matarsa tun kafin a haife ni.

"Da wannan fayil ɗin za ka je mashi hannu rabbana?" ta ce. "Ba haka ake zuwa wurin babba ba. Bari ni in kai ka."

Ta bi ta unguwar Alabar ta sayo ƙwaryar goro, ta ɗauko mayafinta na zuwa suna, muka shiga mota. Kunya ta kama ni, ƙato da ni mai shekara ashirin da bakwai uwa ta sa ni gaba. Na lallashi kaina da cewa ai littattafan bincike ma sun ce a nemi wanda zai buɗe wa mutum ƙofa.

Baba ɗan gajeren tsoho ne, farin gemunsa ya yi ja-ja saboda hayaƙi, hannayensa duk tabon ƙuna. Suka gaisa, suka tambayi na gida da na daji, suka yi wa matattu addu'a. Sannan ta ajiye goron a gabansa ta ce, "Malam, ga ɗanka na kawo maka. Shina so ya san wannan aiki naka. Ka riƙe mani shi."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Nuna mani hannunka." Na miƙa. Ya juya shi, ya latsa tafin. "Wannan bai taɓa ɗaukar abin da ya fi cokali nauyi ba."

Ya kira ma'aikatansa biyu, magidanta ne dukansu, ya ce su raba goron rumfa-rumfa har ƙarshen layi. Maƙwabta suka taru aka yi fatiha. Na ɗaga hannu ina amin da ƙarfi, ina mamakin yadda mutanen nan ke girmama ilimi. Da za mu tafi ya ce, "Gobe ƙarfe bakwai. Ka bar wannan riga a gida."

Washegari tsintsiya ya miƙo mini. Bayan shara sai tankaɗen ƙasa, bayan tankaɗe sai juya ƙafar keken da ke kaɗa fankar hura wuta. Ban damu ba, don a littattafanmu akwai suna mai daɗi da ake ba wannan, wai mai bincike ya shiga aikin da hannunsa don ya fahimce shi daga ciki. Ma'aikatan suka sa mini suna Furofesa. "Furofesa, kawo shebur." "Furofesa, wutar tana mutuwa." Tafin hannuna ya yi ƙulli ya fashe, ya sake yi. Na kuwa koyi abubuwan da ba su cikin tambayoyina arba'in. Baba kan ƙwanƙwasa guntun ƙarfe da guduma ya saurara, ya ce wannan na tukunya ne, wancan ba na abinci ba ne, a jefa shi gefe. Komai arhar ƙarfen da ya fito daga batir ba ya shiga wutarsa.

Alamu sun yi ta zuwa, ni ne na yi kunnen uwar shegu da su. Na taɓa fashi kwana biyu saboda lacca, Baba bai neme ni ba, sai ya aika wa mahaifiyata cewa ta ja mini kunne. Da salla ya ba ni yadi irin wanda ya yi wa mutanen gidansa. Abokina ya ce, "Cale, ka zama ɗan Baba fa," na yi dariya na ce dabarun bincike ne, ba zai gane ba.

Sai maganar takarda. Makaranta ba ta yarda a yi amfani da zancen mutum ba sai ya sa hannu a takardar amincewa. Na kawo masa, na fassara a gurguje, Turanci shafi biyu na mayar da shi Hausa jimla uku. Na ce takardar makaranta ce da ke nuna ya yarda ina zuwa wurinsa ina koyon abubuwa. Ya ce, "Ai dole, ba a koyo ba takarda," ya dangwala yatsa. A Suame in an kawo ɗan koyo akan yi takardar yarjejeniya tsakanin masta da iyayen yaro, kuma na san da haka sarai. Ban tsaya tambayar abin da ya fahimta ba, na hure tawadar na sa a fayil.

Ranar Juma'a ba a hura wuta a rumfar Baba, ma'aikata ma ba sa zuwa. Wata Alhamis a cikin wata na huɗu ya ce gobe in zo da safe. Da na zo ya jawo ƙofar kwanon ya rufe mu ciki.

"Ƙasar nan da kake tankaɗewa kullum, ka taɓa ganin wa ke haɗa shi?"

Na yi tunani, ban taɓa gani ba. Kullum muna zuwa mu tarar da ita a haɗe an lulluɓe da buhu. Ashe daga sallar asuba yake wucewa rumfa ya haɗa ta shi kaɗai. A ranar ya haɗa a gabana, daki-daki, yana yi yana bayani. Ba zan gaya muku abin da na gani ba. Iyaka dai in ce babu wani abu mai tsada a ciki, babu abin da ba za ka samu tsakanin Suame da Moshi Zango ba. Abin yana ga me ke fara shiga, me ke biyo baya, da kuma jin hannu. Ya kama hannuna ya cusa a ciki ya ce, "Matse. Ka ji? In ya yi haka, ya yi."

Muka zauna a kan akwati. Ya ce, "Ubana bai san wannan ba. Ni na samo shi, shekara goma sha biyu ina ɓata ƙasa, mutane suna cewa na haukace. 'Ya'yana maza biyu, ɗaya shina Alabar shina saida waya, ɗaya ya tafi Turai, ba mai son hayaƙi. Ma'aikatan nan biyu kuma 'yan aikin rana ne, gobe wani ya ƙara masu sidi biyar sun tafi. Ban nuna ma kowa ba koraa, ko kaɗan. Kai ne na farko."

Duk wannan wayata na cikin aljihu tana ɗaukar magana. Na saba naɗar hirarmu, ya sani, amma a ranar ban fito da ita ya gani ba. Ana saukowa daga masallaci na zauna na rubuta komai, har da zane, ya zama babi na huɗu na kundina.

Malamar da ke duba aikina wata dakta ce 'yar Tonawa, wato Asantawa, mace mai faɗar gaskiya ba kwana-kwana. Wata shida tana cika mini takardu da jan biro. Da ta karanta wannan babin sai ta cire tabarau ta ce yanzu na fara bincike. Ta haɗa ni da wata ƙungiya mai fafutukar rage saran itace don gawayi. Mutanen suka yi murna ƙwarai. Suka ce za su buga ɗan littafi mai hotuna, su tara duk masu zuba tukwane na gari a koya musu, ni zan yi bayani, kuma bayan na gama karatu akwai kujera a ofishinsu. Kaina ya kumbura. Na fito ina ganin na ceci dazukan Ghana ni kaɗai.

Washegari na tafi yi wa Baba albishir, bakina har kunne. Na tarar yana shirin zuba ƙarfe, na tsaya a kansa ina zuba zance: za a buga dabararsa a littafi, kowa zai koya, sunansa zai kai ko'ina. Bai ɗago ba har ya gama zubawa, don ƙarfe ba ya jira. Ya ajiye ludayin, ya ce wa ma'aikatan su je su ci abinci.

"Wane littafi?"

Na sake bayani, wannan karon a hankali, don na fara shan jinin jikina.

"Ƙasar da na nuna maka ranar Juma'a, shi ka rubuta?"

"E, Baba. Ai don shi na zo, binciken makaranta nake yi."

"Uwarka ta kawo ka da goro. An raba a layi, an yi fatiha. Kai ba ɗan koyo ba ne?"

Na ce ni ɗalibi ne. Ban taɓa jin kalma ta yi mini nauyi a baki irin wannan ba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya leƙa waje ya nuna mini layin da haɓa.

"Rumfa goma ne a nan. Su matasa ne, tukunya ashirin suke zubawa a rana, ni huɗu nake iyawa. Abin da ya sa mata ke wuce su su zo wurina, wannan ƙasa ne. In kowa ya iya, wa zai tako har ƙarshen layi wurin tsoho? Mutum goma sha ɗaya ke ci a gidana." Ya ɗauki guduma ya fara fasa akwatin da ya huce. "Tafi gida, yau ba aiki."

Na isa gida da fushi, don mutum in ya yi laifi ya fi son ya sami wanda zai ɗora wa. Na tarar da mahaifiyata tana tsintar shinkafa.

"Mma, kin san abin da goron nan ke nufi?"

"Na sani mana. A Zango aka haife ni."

"To me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ka gama digiri ɗaya ka zauna shekara biyu ba aiki, ka koma kana na biyu. Na ce in takarda ta yi, alhamdulillahi, in ba ta yi ba ga tukunya. Ni ban ce ka kwashe asirin mutum ka kai ma makaranta ba. Wannan kai ka yi."

Na shige ɗaki.

Mako biyu ban je Suame ba, ban je wurin Dakta ba. Kullum ina yi wa kaina huɗuba. Takarda tana hannuna da yatsansa a kai. Baba ba ya karanta Turanci. Dubban mata za su rage sayen gawayi, dazuka za su huta, me ye rumfa ɗaya? Hujjojin nan ba ƙarya ba ne, har yau ina ganin nauyinsu. Amma duk sanda na kai ƙarshen huɗubar sai in ji ba zan iya maimaita ta a gabansa ba. Ga kuma gaskiyar da ban so in kalla, ba dazuka ne suka fi damuna ba, digiri ne da kujerar ofis.

Ƙarshe dai na je na gaya wa Dakta komai, har da wayar da ke aljihu. Na zaci za ta ce takarda ta wanke ni. Sai ta tambaye ni abu ɗaya: ya fahimci abin da ya sa wa hannu? Na ce a'a. Ta ce to ba ni da izini, kuma in babu babi na huɗu babu kundi, sai in koma in sake tattara bayanai, shekara guda ke nan ta tafi. Ranta ya ɓaci, ba ta ɓoye ba. Ta ce in sani fa, ranar da tsohon nan ya mutu abin ya mutu, kuma wannan ma ɓarna ce. Ta yi magana da 'yan ƙungiyar, suka ce in koma in gaya masa za su sa sunansa da hotonsa a littafin, su biya shi ya koyar da kansa.

Na buga babin a takarda na tafi da shi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum. Na isar da saƙo. Ya saurara har na gama.

"Su biyan rana ɗaya za su yi. Ni kullum nake ci. Ka ce masu na gode paa, ƙwarai."

Na ce na ji, kuma ba za a buga ba. Na miƙa masa takardun, na fito da waya na goge maganar a gabansa, na ce wadda ke cikin kwamfuta ma na goge. Ya karɓi takardun yana jujjuyawa, ya tsaya a kan zanen da na yi, shi kaɗai ya gane a ciki.

"Ta ina zan san ka goge duka?"

"Sai dai ka yarda da ni, Baba."

"Na taɓa yarda da kai."

Wallahi da ya mare ni da ya fi. Idona ya kawo ruwa, na sunkuyar da kai. Ya cusa takardun ƙarƙashin gawayi ya ce in kama keke in hura. Na juya, ina kallon aikin wata biyar na ci da wuta, har ƙarfen ya fara narkewa a kansa.

Can ya ce, "Na takarda ya tafi. Na cikin kanka fa? Shi ba ya gogewa." Ya zauna. "To ka ji. Abin shina wurinka yanzu, ko na so ko ban so ba. Ba ka rubuta shi, ko don kanka. Ba ka faɗa da baki. Wanda ya zauna gaban wuta shekara uku, shi za ka nuna ma da hannu. Ka yi mani alkawari."

Na yi masa alkawari. Ya ce tun da haka ne in riƙa zuwa ran Asabar, don abin da kai ya sani hannu bai sani ba, ba sani ba ne.

Na sake shekara. Na rubuta kundi a kan yadda masu zuba tukwane ke samun tsofaffin ƙarafa da yadda suke zaɓe, aiki mai tsabta wanda ba wanda ya cire tabarau saboda shi. Na ci da matsakaicin sakamako. Kujerar ƙungiyar wani ya samu. Asabar kuwa na yi ta zuwa kusan wata takwas, na zuba tukwane da hannuna, uku daga ciki sun riƙe ruwa. Daga nan na sami aiki a wani ofishi mai ba ƙananan 'yan kasuwa shawara, sai aure, sai haihuwa. Asabar ta koma sau ɗaya a wata, ta koma gaisuwar salla. Bai taɓa yi mini gori ba. In na je sai ya ce, "Furofesa, hannun ya koma na cokali," ya sa a kawo mini koko.

Baba ya ci gaba da cin abincinsa a ƙarshen layi har shekara huɗu bayan haka, mata na wuce rumfa tara suna zuwa tasa. Wannan kam ina gode wa Allah da ban zama sanadin yankewarsa ba. Da ya rasu 'ya'yan suka ba da rumfar haya, yanzu kayan babur ake sayarwa a wurin. Ma'aikatan nan biyu, ɗaya ya koma tuƙa keke mai ƙafa uku, ɗayan ban san inda ya yi ba.

Mutane kan tambaye ni ko na yi nadama. Ban yi nadamar ƙona babin ba, don ba nawa ba ne, kuma hanyar da na same shi ba ta da kyau. Tun daga lokacin ban sake miƙa wa kowa takarda ya sa hannu ba sai na sa shi ya maimaita mini da bakinsa abin da ya fahimta. Ɗaliban da ke zuwa ofishinmu neman bayanai sun san ni da wannan naci, wasu har ƙorafi suke yi. Amma ba zan ce muku Dakta ta yi kuskure ba. A wurin aiki kullum muna maganar ɗorewar sana'a, muna zana ta a allo, alhali ni na san wata dabara da ta fi yawancin abin da muke koyarwa, tana zaune a kan mutumin da ba ya hura wuta. Ba wanda ya zo ya zauna shekara uku, kuma ko ya zo, a gaban wace wutar zai zauna? Ba ni da rumfa.

A azumin da ya wuce, bayan la'asar, na zauna a ƙofar gida na ce bari in bi matakan a kaina kamar yadda nake yi lokaci-lokaci don kada su ɓace. Bakwai ne. Na ƙirga, na sami shida. Na sake daga farko a hankali, ina matsa hannu kamar ƙasar na ciki, shida dai. Na tashi na ɗauko biro da takarda don in kama sauran kafin su ma su gudu, na zauna da su a cinya har aka kira magariba. Ban rubuta ba. Na bakwai ɗin har yau bai dawo ba, kuma babu wanda zan tambaya.